Kalli Nan, Tsohuwa

"Ya kawo?" in ji Baba Mai Hoto daga kan gado.

"Saura kaɗan, Baba."

Injiniya tana durƙushe a bayan talabijin, kumatunta na gogar bango, tana laluben ramin da kan wayar kyamara zai shiga. Ba injiniya ba ce. Ilimin tsirrai ta karanta a jami'a, ta gama, ta dawo gidan iyayenta tana jiran aiki. Tun ranar da ta saita masa agogon wayarsa ya laƙaba mata sunan, har ya bi ta a layin. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasa, in ya yi tari tana ji.

Wayar ta shige. Ta zagayo ta ɗauki rimot, ta danna, ta sake dannawa. Allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi, sai ga hoto ya faɗo.

Ba ta lura da inda kyamarar Baba ke kallo ba. Ta dai kafa ta a kan sandarta mai ƙafa uku a tsakiyar ɗaki, ashe idonta na kan gado. Fuskar Baba ce ta cika allon. Kumatun sun zurma, ƙasusuwan wuya sun fito, farin idon ya koma ɗorawa. A zahiri kullum tana ganinsa, ta saba. Amma da girman nan sai ta ji kamar yau ta fara ganinsa.

Inna, matarsa, ta shigo da kofin shayi a hannu. Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Juya shi! Ke, juya abin nan!"

Injiniya ta kama hannun sandar ta murɗa, ya ƙi. Ta murɗa ɗaya gefen, ashe ƙara ɗaure shi take yi.

"Bari," in ji Baba. "Bar shi haka."

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannu, tsohon da ke allo ma ya ɗaga. Ya shafa haɓarsa.

"Hasken bai yi ba," ya ce. "Ya zo ta sama da yawa." Ya juya wajen ƙofa. "Shi ya sa kika cire madubin."

"Fashewa ya yi."

"Ya fashe. To, madalla."

Injiniya ta sunkuyar da kai. Ita ta kawo wannan dabarar, don ta faranta masa. Tun kafin ciwon ciki ya kwantar da shi yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya daina ganin ɗan allon da ke bayan kyamarar, ya rufe shagonsa da ke ƙofar gida. Da aka sallamo shi daga asibiti, kullum sai ya sa a ɗora masa kyamarar a ƙirji, yana shafa maɓallanta kamar mai lallashin kyanwa. Ita kuma ta gani a waya cewa ana iya haɗa irinta da talabijin, duk abin da ta kalla ya fito ƙato. Ta yi ta zarya kasuwa kafin ta samu waya mai ɗan ƙaramin kan da zai shiga gefen kyamarar. A hanya har murmushi take yi ita kaɗai.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban duba ba."

"Haƙurin me? Aikinki ya yi kyau. Rabon da in ga abu tar haka, na manta." Ya numfasa. "Injiniya, in aka juya ta wajen taga, zan gani kamar haka?"

"Za ka gani."

"To, tsohuwar nan nake so in ɗauka."

Inna ta ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsalo. "Ni? Yanzu? Da ina yarinya ba ka ɗauke ni ba sai da haƙora suka zube?"

"Kullum kina bakin murhu."

"Kullum kana cewa gobe."

Gaskiya ce, kuma duk layin sun sani. Babu gidan da ba a rataye aikinsa ba: jarirai, ɗalibai da takardar shaida, direbobi jingine da motocin da ba nasu ba. Amma a ɗakinsa babu hoton Inna ko ɗaya. Wanda ke jikin katinta na shaida ma wani ne ya ɗauka a ofis, Baba kuma bai taɓa yafe masa ba, wai ya fitar da ita kamar wadda aka kama da kazar mutane.

Washegari Tela ya zo, abokinsa na shagon da ke kallon nasa. Shi ya buɗe shagon hoton ya kinkimo labulayen da ake sa wa a bayan mutum, yana atishawa saboda ƙura.

"Ga mai benen nan, ga mai jirgin sama. Wanne za a sa wa amarya?"

"Mai ruwan toka."

"Haba, Mai Hoto. Ka sa ta a jirgi mana, ko sau ɗaya ta je wani wuri."

"Kai dai rataya. Kuma ka daidaita, kada ka yi min irin ɗinkinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Kafaɗarka ce a karkace, na sha gaya maka."

Suka rataya labulen kusa da taga, suka ajiye kujerar katako a gabansa. Kyamara na kallon kujera, gadon na gefe, hannun hagun wanda zai zauna. Talabijin kuwa aka ɗora shi kan tebur dab da ƙafar gado. Injiniya ta ciro wata siririyar waya mai maɓalli a kai daga jakar kyamarar, ta haɗa, ta sa masa a tafin hannu, don ya danna daga kwance.

Inna ta fito cikin kayanta masu ruwan ganye, da linkin guga a jiki. Ta zauna, ta leƙa talabijin, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Haka hancina yake?"

"Haka yake tun da na san ki. Injiniya, karkato allon, kada ta gani. Duk wanda ya ga kansa ya daina zama kansa."

Aka karkatar. Ya sa aka ɗaga kyamarar kaɗan, aka sauke kaɗan, aka ja labulen taga rabi. Muryarsa ta canza, ta koma irin wadda Injiniya ta sani tun tana ƙarama, ranar da aka kawo ta hoton shiga makaranta.

"Sauke kafaɗa. Ɗago haɓa. Ya yi yawa. Yawwa. To, kalli nan, Tsohuwa."

"Ina?"

"Cikin gilashin. Can ciki, kamar kina neman wani."

Kowa ya san ƙa'idarsa. Ba ya dannawa sai idon mutum ya shiga cikin idon kyamara. Ya sha tsayar da mai gaggawa har ransa ya ɓaci, ya sha mayar da jariri gida a dawo da shi wata rana. A cewarsa hoton da ido ke wani wuri, na riga da hula ne kawai.

Inna ta kalli gilashin. Babban yatsansa ya hau kan maɓallin, sai tari ya taso masa. Kafin ya lafa, Inna ta juyo gaba ɗaya.

"In ba ka ruwa?"

"Ki ba ni idonki, shi na tambaya."

Suka sake. Ya gyara kwanciya, ta juyo. Ya yi shiru, shirun ya yi mata yawa, ta juyo. A allo kullum abu ɗaya ake gani: fuska a daidai, haske a daidai, idanu sun zame gefe. Har rana ta sauka daga tagar, ya ce a bari sai gobe.

Daga nan abin ya zama aikin kullum. Hasken da yake so na la'asar ne, sa'ad da rana ke bugun bangon maƙwabta ta dawo ɗakin a tausashe, kuma ba ya jimawa. In hasken ya zo, sai a ɗauke wuta, talabijin ya mutu. In akwai wuta, sai hadari ya rufe. In duka biyun sun samu, sai a tarar maganin ya sa shi barci, baki a buɗe, wayar na naɗe a yatsunsa. Injiniya takan shigo da batirin da ta yi caji a gida, ta goge gilashi, ta zauna a kan tabarma ta jira. Ba ta iya hira ba. Tana dai kallon yadda zanen gadon ke ƙara yi masa yawa.

Ta yi iya tunaninta. Wata rana ta ce, "Baba, a kawo kyamarar kusa da kai mana. In ta kalle ka, ta kalli gilashin ke nan."

"Gwada."

Wayar talabijin gajera ce, sai da aka ja tebur, aka matsar da kujera. Da aka gama, taga ta koma bayan Inna, a allo ta zama baƙar inuwa mai ɗankwali. Ga shi kuma idon nata ƙasa yake kallo, wajen matashi.

"Mayar," ya ce.

Wata rana kuma ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ko in tsaya a bayanta ni in danna? Da ta kalla sai in yi sauri."

"Sai a ce wa ya ɗauka?"

Ba ta sake tayar da maganar ba.

Akwai la'asar ɗin da komai ya haɗu. Wuta na nan, sama tas, ya farka da ɗan ƙarfi har ya sha rabin kofi. Tela na tsaye a bakin ƙofa da tef a wuya. Inna ta zauna, ta haɗe hannuwa a cinya, ta kafa wa gilashin ido kamar mai jiran allura. A allo ta fito sosai, har ɗan tabon da ke gefen girarta.

"Yawwa," in ji Baba a hankali. "Yawwa. Kada ki motsa."

Yatsan ya danna. Ba a ji komai ba. Ya sake dannawa, farcen ya yi fari, maɓallin bai shiga ba. Injiniya ta yunƙura ta tsaya, ba ta san ko an yarda ta taɓa ba. Numfashinsa ya fara fita da ƙara. Inna ta miƙe, taku biyu ta isa gadon, ta rufe hannunsa da nata.

Ƙyas.

Hoton ya tsaya a allo: kujerar katako, labule mai ruwan toka, da ɗan gefen zane mai ruwan ganye yana ficewa.

Tela ya fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya ce ya bar dutsen guga a kunne, ya fita.

"Kujerar ta fito da kyau," in ji Baba. Ya rufe ido.

Injiniya ta sami Inna a tsakar gida tana wanke kofi, kofin da ta riga ta wanke. Ta tsuguna kusa da ita, ta daɗe tana juya maganar a baki.

"Inna, da kin daure. Ƙiftawa ɗaya ce. Gobe zan sa masa maɓallin a tsakanin hannu biyu, zai iya."

"Na sani."

"Yana so sosai."

"Ke, na fi ki sanin yana so." Ta zubar da ruwan. "Likita ya ce ko yaushe. Ko yaushe fa. To in ina kallon gilashi ya tafi? A tambaye ni yaya ya cika, in ce ban gani ba, ina kallon kwalba?"

Inna ta kife kofin.

"Na yi ƙoƙari ɗazu, kin gani. Ina kallon abin, amma kunnena na wajensa. Da na ji numfashin ya canza ban san na tashi ba." Ta goge hannu da gefen zane. "Kuma in ya ɗauka ɗin, sai me? Me zai jira gobe?"

Ta shige ɗaki. Injiniya ta zauna a wurin har ƙafarta ta yi sanyi. Ta yi karatu shekara da shekaru, ta san sunan kowace jijiya a jikin ganye, ga mutum biyu a ɗaki ɗaya ta kasa yi wa ko ɗaya komai.

Bayan haka Baba ya daina cin abinci. 'Ya'yansa da ke nesa suka fara kira a waya suna tambayar motar da za su hawo. Masu dubiya sukan shigo su ga kyamara a kafe da labule a rataye, su kalli juna, ba sa tambaya. Inna ba ta cire kayan masu ruwan ganye ba, linkin gugar ya ɓace, hannun rigar ya yi tabon magani.

La'asar ta ƙarshe, Injiniya ta shigo ta tarar idonsa biyu. Ya motsa yatsa wajen talabijin. Ta kunna. Inna ta je ta zauna a kujerar ba tare da an ce mata ba, ba ta gyara ɗankwali ba, ba ta kuma yi kamar za ta kalli gilashin ba. Shi take kallo.

Injiniya ta sa masa maɓallin a tsakanin tafukansa biyu, ta koma gefe.

Ya kalli allon. Ya juya kai a hankali wajen kujerar, ya ƙanƙance ido. Injiniya ta san daga nan ba ya ganin komai sai koren hazo. Ya mayar da kai ga allon, inda fuskar take ƙatuwa, kowane layi a fili, idanun sun tafi gefe sun tsaya a kan abin da ba ya cikin hoton. Ya daɗe a haka. Hasken ya fara hawa bango.

"Ashe haka kike kallona," ya ce.

"Me ka ce, Malam?"

Leɓensa ya motsa. Sai da Injiniya ta matso ta ji.

"Kalli nan, Tsohuwa."

"Ina kallo," in ji Inna. Ba ta juya ba.

Ƙyas.

Injiniya ta dubi hannuwansa. Sun haɗe a kan maɓallin, sun saki. Ko shi ya matsa, ko nauyin hannun ne ya faɗa, ba ta sani ba. Idonsa a rufe yake, ƙirjin na hawa da sauka. Ta so ta tambaye shi ko ya yi, ko a sake, ta kasa. Ta kashe kyamarar, ta naɗe wayar, ta yi sallama ba wanda ya amsa.

Washegari da hantsi tana shara a ɗakinta ta lura ba ta ji tari ba tun da ta tashi. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta kasa kunne jikin bango. Can sai ta ji muryar Inna, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran a miƙo mata wani abu.

"Injiniya. Zo ki kira min Tela."

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya cika ya batse. Aka naɗe labulen, aka mayar da talabijin kan kantarsa, kyamarar ta koma jaka aka tura ƙarƙashin tebur. Injiniya ta yi ta ɗaukar kofuna da tabarmi tsakanin gidajen biyu. Babban ɗansa ya nemi hoton marigayin don a wanke a raba wa dangi, aka duba shago kaf, ba a samu ba sai na jikin kati. Tela bai buɗe shagonsa ba, amma kullum yana zaune a bakinsa, yana kallon ƙofar da ke gabansa.

Da baƙi suka watse, wata la'asar Inna ta aiko a kira ta. Ɗakin ya yi faɗi. An cire zanen gado, katifar na nan da ɗan lotsawa a tsakiya, matashin a inda yake.

"Abin nan yana nuna wanda aka riga aka ɗauka?"

"Yana nunawa, Inna."

"Sa min."

Wannan karon hannun Injiniya ya san ramin. Allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi. Kujera ce ta fara fitowa, da gefen zane. Ta danna gaba.

Inna ta matso har ta kusa taɓa allon da hanci, ta ja da baya. Ɗankwalin a karkace, tabon magani a hannun riga, haske ya kwanta a rabin fuskar. Idanun na gefe.

"Da ya ga wannan a shago, yagawa zai yi," ta ce.

"In kina so a wanke, sai in kai gobe."

"A wanke." Ta bi inda idanun suka nufa da kallo. Daga kan kantar, bangon da babu komai suke kallo, wajen ƙusar da madubi yake a da. "Ɗan juya shi."

Injiniya ta kama talabijin da hannu biyu ta karkata.

"Ƙara. Kaɗan. Tsaya."

Idanun da ke allo suka sauka a kan matashin.

Inna ta jawo kujerar katakon ta zauna, ta haɗe hannuwa a cinya. A waje wani yana tura baro, ƙafarsa na ƙara. Injiniya ta san in aka bar kyamarar ba a taɓa ba, takan kashe kanta, allon ya yi baƙi. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɗora yatsa a kan maɓalli. Duk bayan ɗan lokaci sai ta taɓa shi a hankali.